Kafiri, Arne da Bamaguje: Kalmomi Uku da Nauyin da Suke Ɗauke da Shi

Uwa takan daka wa ɗanta tsawa ta ce kafirin yaro, don kawai ya zubar mata da manja. Direba a tasha yakan share gumi ya ce yau ana kafirar rana. A kasuwa za ka ji an ce wane yana da kafirin wayo, ko kafirin son kuɗi, kuma ba wanda zai ɗauka an taɓa imaninsa. Amma wannan kalma ɗin, idan ta fito daga bakin mai wa'azi a kan mumbari, ko daga bakin wanda ya rataya bindiga, sai ta koma hukunci a kan auren mutum da gadonsa da maƙabartar da za a binne shi, wani lokaci har da jininsa. Kalmomi kaɗan ne a Hausa suke da irin wannan tazara tsakanin wasa da kisa, shi ya sa ya kamata a zauna a duba inda ta fito, da yadda ta zauna tare da 'yan uwanta biyu, arne da Bamaguje, da kuma abin da aka yi da ita a tarihin ƙasar Hausa.

Tushen kalmar

Hausa ta aro kafiri daga Larabci, ta kuma yi mata dangi irin nata: kafira, kafirai, kafirci, da aikatau kafirta, wanda yake nufin mutum ya fita daga addini, yake kuma nufin wani ya yanke masa hukuncin fita. A Larabci tushen kalmar yana nufin rufe abu. Shi ya sa da yawa daga malaman tafsiri suka fassara jam'inta da ya zo a aya ta 20 ta Suratul Hadidi da manoma, domin manomi yana rufe iri da ƙasa. Daga tushen ne kuma aka samu kaffara, wadda kowane Bahaushe ya sani, wato abin da ake yi don a rufe laifin karya rantsuwa ko karya azumi.

A Alƙur'ani kalmar tana fuskantar abubuwa biyu. Wani wuri kishiyar imani ce, wani wuri kuma kishiyar godiya, kamar yadda ta zo a aya ta 7 ta Suratu Ibrahim. Wannan ma'ana ta biyu ita ce Bahaushe yake kira butulci: an yi maka alheri ka rufe shi kamar ba a yi ba. Tun zamanin sahabbai aka san cewa kafirci hawa-hawa ne, an kuma ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa akwai wanda bai kai na fita daga addini ba. Malaman fiƙihu kuwa ba su taɓa tsayawa a kalma ɗaya ba. Sun raba Ahlul Kitabi da masu bautar gumaka, sun raba wanda yake zaune da amana a ƙarƙashin hukuma da wanda aka ƙulla yarjejeniya da shi, da baƙon da aka ba izinin shiga, da wanda ake yaƙi da shi. Kowane yana da hukuncinsa da haƙƙinsa. Almajirin da ya karanta Risala ko Muhtasar a zaure ya san wannan rabe-rabe. Mutumin titi kuwa yakan tattara su duka ya zuba a buhu ɗaya.

Arne da Bamaguje

Arne ba daga littafi ta zo ba, tsohuwar kalma ce ta gida. A Kano da Zariya arne da arna ake cewa, a yammacin ƙasar Hausa kuwa, musamman a Nijar, za ka ji azne da azna, ko anne da anna. Abin lura shi ne a can ba lallai ta zama zagi ba. A Adar da Arewa da kewayen Birnin Ƙonni, Azna suna ne na mutanen da suka riƙe al'adun gargajiya, masu tsafin noma da farauta da buɗin daji, waɗanda ake ɗauka su ne masu ƙasa tun fil azal. A masarautar Gobir ta Tsibiri akwai sarautar Sarkin Anna, mai matsayi a fada. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899, sarauniyar Azna ce, kuma da wannan suna tarihi yake tunawa da ita ba tare da wani ƙasƙanci ba.

Makaɗan fada sun ba kalmar wata ma'ana. A bakinsu arna su ne abokan gaban sarki, ko suna salla ko ba sa yi, matuƙar sun ja da shi. Makaɗan maza kuma sun juya ta ta zama yabo: ɗan dambe ko ɗan tauri ko mafarauci idan aka kira shi arne a fage, ana nufin ba ya tsoro kuma ba ya jin magiya. Sai dai a Najeriya ta yau, musamman a Kaduna da Filato da Bauchi, arne ta zama kalma mai ɗaci. Ana jifar Kirista da ita duk da cewa yana da littafi da wurin ibada, kuma abin da yake ji a cikinta raini ne: kai ɗan dutse ne, ba ka waye ba, kakanninka bayi ne ko abin kamawa. Da za a duba da kyau, kafiri magana take yi a kan aƙida, arne kuwa a bakin mafi yawan masu faɗinta yanzu magana take yi a kan asali da daraja.

Bamaguje shi ne Bahaushen da bai musulunta ba, musamman a ƙasar Kano da Katsina. Mutanen gari suna cewa sunan daga gudu ya fito, wato wanda ya guji salla. Manazarta da yawa kuwa suna ganin daga Majusu ne, sunan da Larabawa suke kiran masu bin tsohon addinin Farisa. Wannan bayani yana da ƙarfi domin yana da dalili na shari'a. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Majusawa ana karɓar jiziya a hannunsu kamar yadda ake karɓa daga Ahlul Kitabi. Saboda haka sanya wa manoman karkara wannan suna ya ba su gurbi a cikin doka: su biya jiziya, a bar su da gonakinsu da iskokinsu, kada a kama su bayi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, ya tarar sun san Allah a matsayin mahalicci, sai dai hulɗarsu ta yau da kullum da iskoki ce. A nan suna ya yi aikin kariya. Amma ya manne, har ta kai jikokinsu da suka zama Kiristoci tun tuni ana ci gaba da kiransu Maguzawa, waɗanda suka musulunta kuma wani lokaci a bi su da tubabbe, kamar dai shigarsu ba ta gama cika ba.

Malaman jihadi da tambayar waye kafiri

Inda kalmar ta fi yin aiki a tarihin ƙasar Hausa shi ne tsakanin masu salla da masu salla. Dalilin a fili yake. A tsohon tsarin fiƙihu ba a yaƙar Musulmi a ci ganimarsa, ba a kuma bautar da shi. Duk mai son yin ɗaya daga cikin biyun dole ya fara cire wa abokin gabarsa rigar Musulunci. Ahmad Baba na Tumbuktu ya ga wannan haɗari tun a 1615, lokacin da ya rubuta Mi'irajus Su'udi don amsa tambayoyin mutanen Tuwat game da bayin da ake kai musu daga kudu. Ya lissafa Borno da Kano da Katsina da Sanwai cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba, ya kuma nuna cewa baƙar fata ba ta cikin dalilan bauta. Duk da haka fatake sun ci gaba da sayar da masu kalmar shahada, kuma abin da kawai suke buƙata shi ne su ce wa mai saye kafirai ne.

Kafin shi, Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya amsa wa Askiya Muhammadu na Sanwai tambayoyi a kan mutanen da suke furta shahada amma suna yanka wa duwatsu da itatuwa. Ya yanke cewa irin wannan gauraye kafirci ne. Ƙasar Hausa kuwa cike take da misalan gaurayen. Tarihin Kano ya ba da labarin Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka don neman nasara, har zuwa lokacin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, wanda ya sa aka fasa shi da gatari sai ga Alƙur'ani a ciki. Littafin Allah ne da kansa aka mayar abin tsafi. Shin wanda ya yi masa yanka Musulmi ne mai jahilci, ko mushriki ne? Wannan ita ce tambayar da ta sha kan malaman ƙarni na 18.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raba mutanen ƙasar kashi uku a Nurul Albabi: Musulmi na gaskiya, da masu gauraya, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. A kan hujjar Magili ya dogara wajen yaƙar sarakunan Hausa bayan hijirar Gudu a 1804, ya kuma ƙara da cewa hukuncin ƙasa yana bin hukuncin sarkinta. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa a wa'azi ba shi ne yawan ƙarfin da Shehu ya kashe wajen hana mutane kafirta juna. A zamaninsa akwai wasu ɗalibai masu ilimin tauhidi da suke tare talaka su yi masa tambayoyi a kan siffofin Allah da hujjojinsu na hankali, in ya kasa amsawa su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu ya yi musu raddi a littattafai masu yawa, yana cewa wanda ya furta shahada ya kuma yi aiki da ita a zahiri, Musulmi ne a hukuncin duniya, abin da ke zuciyarsa kuwa na Allah ne.

Har malaminsa da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrila ɗan Umaru, Shehu bai bi shi ba a wannan babi. Malam Jibrila yana ganin manyan zunubai, irin su auren mata fiye da huɗu da cin dukiyar marayu da cuɗanyar maza da mata, suna fitar da mutum daga addini. Shehu ya ce waɗannan saɓo ne, ba su zama kafirci sai mutum ya ce halal ne, domin kafirta mai zunubi tafarkin Hawarijawa ne. Ya yi wannan gyara da ladabin almajiri, amma bai sassauta ba.

Wasiƙun Borno da Sakkwato

Babu inda aka tattauna wannan kalma da zurfi kamar a wasiƙun da Shehu Muhammadul Aminu Elkanemi na Borno da Muhammadu Bello na Sakkwato suka yi musaya bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808. Elkanemi ya tambayi mutanen Sakkwato da wane dalili suke yaƙar Borno suna kama 'ya'yanta, alhali mutanenta suna salla, suna azumi, suna ba da zakka, suna gina masallatai. Ya amince akwai cin hanci da zaluncin alƙalai da fitar mata ba lulluɓi, da sarakunan da suke kai sadaka wasu wurare, amma ya ce duk wannan saɓo ne, kuma babu ƙasar Musulmi da ta kuɓuta daga irinsa. Ya kawo misalin Masar da Sham, har da wata bishiya a Dimyaɗ da jahilai suke yi wa irin abin da ake zargin Borno da shi, ba tare da malaman can sun ce a ɗauki takobi ba.

Bello ya amsa cewa ba don zunubi suka yaƙi Borno ba. Hujjarsa ita ce Mai, sarkin Borno, ya taimaki sarakunan Hausa a kan Jama'ar Shehu, kuma taimakon kafiri a kan Musulmi kafirci ne, ga kuma yanke-yanken da ake yi wa duwatsu da ruwa. Ko wane ɓangare mai karatu ya fi karkata, akwai abin da ya cancanci a lura da shi: hujjojin Elkanemi sun iso gare mu ne ta hannun abokin hamayyarsa, domin Bello ne ya kwafe su a cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Mutanen da suka fuskanci juna da dawakai da masu sun ga cewa kalmar tana buƙatar hujja a rubuce, kuma wanda aka jefa da ita yana da haƙƙin a ji ta bakinsa.

Daga zuwan Turawa zuwa yau

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Bahaushe ya fi kiransu Nasara, ko da yake a rubuce-rubucen malamai kafirai ne. Su kuma da suka zauna sai suka raba Arewa a takardunsu zuwa yankunan sarakunan Musulmi da yankunan da tafintoci suke fassarawa da ƙasar arna, abin da ya ƙara wa kalmar arne kaurin hukuma. A wasu ƙasashe ma kalmar kafiri ta yi irin wannan tafiya. A Afirka ta Kudu Turawa sun karɓe ta suka mayar da ita zagin baƙar fata, ko da Kirista ne mai zuwa coci ɗaya da su, har yanzu kuma faɗinta yana iya kai mutum gaban kotu. A Afganistan akwai yankin da ake kira Kafiristan, da aka ci shi da yaƙi a 1896 aka sake masa suna Nuristan.

A Arewacin Najeriya rigimar ta sake komawa cikin gida. Bayan fitowar littafin Shehu Abubakar Gumi a kan ingantacciyar aƙida a 1972, da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, muhawara tsakanin 'yan Izala da 'yan ɗariƙa ta kai inda a wasu garuruwa aka raba masallatai, ɗa ya ƙi bin mahaifinsa salla, wani ya ƙi cin yankan maƙwabcinsa, kowane ɓangare yana da masu zafin baki. Wannan dai ya tsaya galibi a kan baki da alƙalami. Muhammadu Marwa, wanda yawan tsinuwarsa ya sa aka yi masa laƙabi da Maitatsine, shi ya nuna inda hanyar take ɓullewa: rikicin Kano na Disambar 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000. Boko Haram kuwa ta faɗaɗa da'irar har ta haɗiye ma'aikacin gwamnati da ɗan makarantar boko da mai jefa ƙuri'a. An harbe Shehu Albani Zariya a 2014, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka kai hari Babban Masallacin Kano ana sallar Juma'a, mutum fiye da 100 suka rasu. A 2016 ƙungiyar da kanta ta dare biyu, kuma babban abin da ya raba su shi ne matsayin shugabanta Abubakar Shekau na cewa Musulmin da ya zauna a ƙarƙashin gwamnati, ko da a sansanin 'yan gudun hijira ne, jininsa ya halatta. Haka Hawarijawan farko suka yi: sun fara da kafirta Sayyadina Ali, suka ƙare da kafirta junansu.

Ina ya kamata kalmar ta tsaya?

Wasu suna ganin maganin shi ne a daina faɗin kalmar kwata-kwata. Wannan ba mai yiwuwa ba ne, domin akwai sura guda mai wannan suna da yara suke haddacewa tun suna kan allo, kuma kowane addini yana da sunan da yake kiran wanda ba ya cikinsa. Kiristan Bahaushe ma yana da masu bi da marasa bi. Abin da ake iya yi shi ne mayar da kalmar muhallinta, kuma malamai sun riga sun shata iyakokin.

Game da Musulmi, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa wanda ya kira ɗan uwansa da wannan suna, maganar za ta faɗa kan ɗayansu. Labarin Usama ɗan Zaidu, wanda Annabi (SAW) ya yi wa faɗa mai tsanani don ya kashe mutumin da ya furta shahada a fagen yaƙi, ya isa darasi. Malamai sun bambanta cewa aiki kaza kafirci ne da cewa wane kafiri ne, suka ce na biyun ba ya tabbata sai an kawar da uzurin jahilci da kuskure da tilas da tawili, kuma wannan aikin alƙali ne a zaman shari'a. Taron malamai kusan 200 daga ƙasashe 50 da aka yi a Amman a 2005 ya jaddada haka, inda ya amince da mazhabobi takwas ya kuma haramta kafirta mabiyansu. Matashin da ya saurari karatu na minti uku a wayarsa ya hau Facebook yana fitar da mutane daga addini ya ɗauki aikin da Shehu Usmanu ya ƙi yarje wa malaminsa.

Game da wanda ba Musulmi ba kuwa, Alƙur'ani da kansa yakan kira Yahudu da Nasara da Ahlul Kitabi idan yana yi musu magana, ya yi umarni a aya ta 46 ta Suratul Ankabuti da a yi muhawara da su ta hanya mafi kyau, ya kuma halatta kyautata wa wanda bai yaƙe ka ba a aya ta 8 ta Suratul Mumtahana. A 2019 ƙungiyar Nahdlatul Ulama ta Indunusiya ta ba da shawarar cewa a harkar ƙasa a riƙa kiran wanda ba Musulmi ba ɗan ƙasa, tunda tsarin mulki bai raba mutane zuwa masu jiziya da masu zakka ba. Najeriya da Nijar ma haka tsarinsu yake. Hausa kuma ba ta rasa kalmomi ba: gidajen rediyo suna cewa waɗanda ba Musulmi ba, dattawan Kaduna da Jos suna cewa abokan zamanmu, mutum kuma yana da sunan addininsa da na ƙabilarsa da wanda ubansa ya raɗa masa.

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, kuma tarihin wannan kalma ya nuna karin maganar ba ta tsaya a misali ba. Darasin aƙida yana da wurinsa a makaranta, hukunci yana da wurinsa a kotu. Malamin da ya hau mumbari, da ɗan siyasar da ya riƙe lasifika lokacin zaɓe, da uban da 'ya'yansa suke jin yadda yake kiran maƙwabcinsa, kowannensu ya kamata ya tambayi kansa ko yana da hujjar da zai iya rubutawa ya aika wa wanda yake magana a kansa, ya kuma jira amsa.